Ranar da Aka Buɗe Bakin Mdakeni

Ruwa ya shiga gonar Nofezile ran Litinin da safe, alhali ko yayyafi ba a yi a garin ba. Can cikin tuddai aka kwana uku ana tafka shi kamar da bakin ƙwarya, kogin Mdakeni ya kwaso ya gangaro da shi, ya iso bakin teku ya tarar da hanya a rufe. Haka abin yake kowace shekara. Da rani teku takan yi ta turo yashi tana jibgewa a bakin kogin, har ta tayar da tudun da shanu ke bi ta kai su haye ƙetare kiwo. In damina ta kankama, ruwan ya rasa mafita, sai ya juyo ya kwanta cikin kwari, ya riƙa hawa a hankali, ba gudu ba ƙara. Gonar da yake fara taɓawa kuwa kullum ta Nofezile ce, don ita ce can ƙasa.

Layi talatin da shida ne na masara, daga bakin kyauro zuwa gindin ɓaure. A shekarar fari babu gonar da ta kama ƙafarta, shi ya sa ma aka ba mijinta Mzoli ita lokacin da suka yi aure. To Mzoli ya shekara biyu a kabari, ramin haƙar zinariya ya rufta da shi can arewa. Abin da ya bari 'ya'ya uku ne, da akuya biyu, da wannan gona. Bana masarar ta yi kore shar har ta fara goyo. Ita ce abincin yaran daga wannan kaka zuwa wata, babu wani abu a bayanta.

Nofezile ta kafa kara a daidai inda ruwan ya tsaya. Kafin ta gama tsinkar ganyen kabewa na miya, ruwan ya wuce karan.

Maganin abin kowa ya san shi. A ɗauki fartanya da shebur a je a yanka tudun yashin, ruwa ya fice teku. Sai dai ba kowa ke cewa a yanka ba. Mutum ɗaya ne a duk kwarin yake da wannan bakin, kamar yadda ubansa ya riƙe kafin shi, mutumin nan kuwa shi ne Tata Dumile, wato Baba Dumile, mahaifin Mzoli. Nan fa ake yin ta. Shekara goma sha huɗu Nofezile tana gidansa, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban ƙwayar idonsa ba, ba ta taɓa taka gefen ɗakin da yake zama ba. In suka yi kiciɓis a hanya, sai ta ratse cikin ciyawa ta ja ɗankwali har gira, ta tsaya sai ya wuce. Da can in tana da magana takan faɗa wa uwar mijinta, ita kuma ta isar. Tun da tsohuwar ta rasu, sai kare ya gaji aikin.

Da rana ta kai masa tsakin masara da wake, ta durƙusa a bakin ƙofa ta tura kwanon. Tsohon na zaune kan kututture da bargo a kafaɗa, yana cusa taba a lofensa, ƙafarsa mai ciwon gwiwa a miƙe. Karen, wani ramamme mai kunne ɗaya da ake kira Bhubesi, yana kwance a tsakaninsu.

"Bhubesi," in ji ta, idonta a ƙasa, "ka leƙa gona yau kuwa? An ce kifi na kiwo a layi na uku."

Tsohon ya kunna lofe, ya zuƙa, ya fesar, ba ya gaggawar komai a duniya. "Bhubesi, ka gaya wa mai tambaya dutsen wanki bai nutse ba. Wata ma da sauransa. Sai Asabar."

"Asabar! Bhubesi, masara ba ta san wata ba."

"Ba ta sani ba," in ji shi. "Teku ta sani."

Karen ya yi hamma ya juya musu baya. Ta tashi ta fita da baya da baya.

In za a faɗi gaskiya, tsohon ba mugunta yake yi ba, kuma ita ma ta san haka. Tana nan shekarar da aka kwantar da shi a asibiti, samarin gari suka ga ruwa ya taɓa gonaki suka ce wane ne zai jira wani dutse. Suka je suka yanka. Ruwan bai tara nauyin da zai share yashin ba, ya yi ta tsiyaya kwana biyu kamar randa mai tsaga, teku ta dawo da cikarta ta toshe bakin da tudun da ya fi na da, ta kuma watso ruwan gishiri cikin kwari. A shekarar babu wanda ya ci masarar gonarsa. Dole ne ruwan ya taru har ya shanye faffaɗan dutsen da mata ke wanki a kai, dole kuma a dace da kwanakin sabon wata, lokacin da teku ke ja da baya can nesa ta bar wa kogi hanya. Duk ta san wannan. Amma sani daban, tsayawa kana kallon abincin 'ya'yanka yana nutsewa daban.

Ran Talata ruwa ya ci layi tara. Ran Laraba ta shiga gonar ruwa har cinya, ta taɓa ganyen layin farko ta ji ya yi laushi, gefensa ya soma ɗorawa. Maƙwabciyarta Nowinile, wadda bakinta ba ya hutawa ko tana cin abinci, ta tsaya a tudu ta riƙe ƙugu.

"Sisi, 'yar'uwata, fito daga nan kafin ƙaguwa ta ɗauke ki amarya! Kallonki zai mayar da ruwan ne?"

"Ke gonarki na sama, dole ki yi dariya."

"Wa ya ce miki? Dankalina ya fara koyon iyo tun jiya. Ki je ki sake yi wa karen nan magana mana."

"Na yi. Karen ya ce Asabar."

"To ki canza kare. Wannan ya tsufa, ya zama irin ubangidansa."

Nofezile ba ta yi dariya ba. Nowinile ta dube ta da kyau, ta sauko ta kama hannunta ta jawo ta waje.

Ran Alhamis da hantsi gari ya taru a kan tudun yashi. Ba wanda ya kira taro, ƙafa ce kawai ta kai kowa, wasu ma da sheburansu a kafaɗa. A hannun hagu ga kwari ya zama tafki, shiru, ruwan ja kamar shayi da madara, kawunan shingaye na leƙowa. A hannun dama ga teku tana ta bugun yashi. Tsakaninsu taki arba'in ne kacal. Zithulele, mai gona ta biyu daga ƙasa, wanda muryarsa ta fi aikinsa yawa, shi ya fara.

"Tata Dumile, mun zo da kayan aiki. Ka ce mana bismilla kawai irin ta kakanni, mu yi abin da ya kawo mu. Dutsen nan saura me? Kaza ma ba za ta samu wurin tsayawa a kai ba."

Tsohon ya dogara sanda ya je bakin ruwa, ya daɗe yana duban dutsen. Bayansa ne kaɗai ya rage a waje, faɗin faranti. Ya juya ya dubi teku. Sannan ya ce, "Jibi."

Aka yi gunaguni. Zithulele ya buga shebur a ƙasa. Mata suna tsaye can gefe kamar yadda aka saba, Nofezile a bayansu, don inda suruki yake ba a ganin fuskarta. Layi ashirin da biyu ke cikin ruwa a safiyar nan, ta ƙirga da idonta. Ita kanta ba ta san lokacin da ta ratsa matan ta fito fili ba.

"Dumile!"

Sunan ya fita tsirara, ba Tata ba komai. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Nowinile ta kai hannu za ta riƙo zanenta, ta fizge.

"Da kai nake, Dumile! Dutse kake jira? Dutse yana da 'ya'ya? Dutse ne zai tashi da safe ya ce Mama yunwa nake ji? An kawo mini ɗanka cikin akwati an ce kada a buɗe, na yi shiru. An ce in sa baƙi shekara guda in zauna bayan ƙofa, na zauna. Shekara goma sha huɗu ina ɗebo maka ruwa, ina ratsewa cikin ƙaya don ka wuce, ina magana da kare kamar mahaukaciya! Jikokinka ne, ba na zo da su daga gidanmu ba. Gonar kowa za ta tsira da jibinka, tawa ce kaɗai za ta biya. Ka dube ni! Ko sau ɗaya ka dube ni ka ce jibi!"

Ba ta tsaya nan ba. Abubuwan da ta manta ma ta sani suka yi ta fitowa, wani na tura wani, har da saniyar da aka sayar ba a shawarce ta ba, har da ranar da ta haihu ita kaɗai ana ruwa. Tana jin muryar kamar ta wata mace ce daban, tana son ta rufe bakin ya ƙi rufuwa, sai da numfashi ya ƙare mata don kansa. Teku ta ci gaba da bugun yashi. Zithulele da ya zo da shirin faɗa ya sunkuyar da kai yana zane a yashi da babban yatsan ƙafa.

Tata Dumile bai dube ta ba. Ya dubi ruwan, ya ce a hankali, "Jibi, da sassafe. Kowa ya zo da shebur." Ya juya ya kama hanyar gida yana ɗingishi, karen na bin sa.

Kunya ta sauko wa Nofezile tun kafin ta bar tudun. Kwana biyun nan ba ta kai masa abinci da kanta ba, babbar 'yarta ta riƙa aikawa. Ko rijiya ba ta je ba. Nowinile ta shigo ran Juma'a ta same ta zaune a duhun ɗaki.

"To, mai wa'azi, an huta? Wallahi ban san kina da wannan murya ba. Har ƙetare an ji."

"Ki bari, Sisi. Da ƙasa za ta tsage da na shige."

"Akuya dattawa za su ce ki bayar ta wanke baki, kin sani ai. Ki zaɓi ramammiyar." Ta ƙara da cewa, "Dutsen ya nutse tun da rana. Ruwa ya kai gindin ɓaurenki."

Wato layi talatin da shida ke nan, gaba ɗaya.

Asabar gari na wayewa maza suka fara haƙa. Daga wajen teku ake farawa a nufo kwari, rami mai faɗin shebur biyu, zurfinsa zuwa ƙugu. Teku ta soma ja da baya, ta bar yashi mai sheƙi mai faɗi da ba a saba gani ba. Ana haƙa ana waƙa ana tsokanar juna, Zithulele na ba da umarni da shebur a kafaɗa. Da rana ta ɗan ɗaga, ramin ya iso bakin ruwan kwari, aka bar ɗan katangar yashi mai kaurin kamu ɗaya. Maza suka fito suka koma ɓangaren gari. Tata Dumile ya matso har gaɓar ramin, ya cire hula, ya watsa taba a ruwa, ya kira sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya yana sanar da su za a buɗe.

Sara na ƙarshe na mai gonar ƙasa ne, don shi ya fi kowa haƙuri. Mzoli ne ke yi. Tun rasuwarsa ake wakilta wani. Zithulele har ya tofa yawu a tafin hannu, sai tsohon ya ce, ba tare da ya juya ba, "A ba makoti fartanya."

Makoti, matar ɗa, ita ke nan. Nowinile ta danƙa mata fartanyar ta tura ta gaba. Nofezile ta taho kanta a ƙasa, har ta ga ƙafafun tsohon a gabanta, tsaye daidai inda ya kamata mai sara ya tsaya. Duk yaron da ke kwarin nan ya san a ɓangaren gari ake tsayawa. Ita ma ta sani. Amma jikin da ya shekara goma sha huɗu yana kauce wa mutumin nan bai tsaya shawara da ita ba, ga kuma kunyar shekaranjiya a kanta. Ta tsallake ramin, taki ɗaya ne kawai, ta tsaya a ɗaya gefen. Idon kowa na kan ruwa, ba wanda ya lura.

Ta ɗaga fartanya ta sara. Ta sake. A na uku ruwan ya leƙo.

Abin dariya ne a farko. Ɗan siririn ruwa ne kamar wanda aka tsiyayo daga buta, ya gangara cikin ramin yana laluben hanya, yashi na shanye rabinsa. Ya tsaya, ya taru, ya ƙara gaba. Zithulele ya ce, "Wannan ne muka jira kwana biyar? Ai ɗana ma in ya sha kunu ya fi haka." Wasu suka yi dariya. Gaban Nofezile ya faɗi, ta ce a ranta shi ke nan, an kashe mata gona a banza. Ta zuba wa ruwan ido tana bin sa, har bakinsa ya isa ƙarshen ramin ya taɓa teku.

Sai gefen ramin ya zame, wani ɗan guntu, ruwan ya lashe shi. Wani ya sake zamewa. Sautin ya canza, daga tsiyaya ya koma gurnani.

"Ku ja baya," in ji Tata Dumile.

"Nofezile!" Nowinile ta ƙwalla ƙara. "Ke! Me kike yi a can? Tsallako!"

Sai a lokacin ta ga inda take. Ramin ya kai faɗin tabarma, da gudu ɗaya za ta haye. Amma wanda ke tsaye a daidai inda za ta dira tsohon ne. Bai ja baya ba. Ya jefar da sanda, ya miƙo mata hannu, tafinsa a buɗe, yana kallon fuskarta kai tsaye.

"Zo, 'yata. Kama."

Ba ta taɓa taɓa hannun nan ba. Ta tsaya tana duban sa, na ɗan lokacin da mutum zai ja numfashi biyu, kuma wannan ya isa. Yashin da ke ƙarƙashin ƙafarta ya tsage, ta yi tsalle da baya ta faɗi zaune, inda take tsaye ya rufta ya tafi da fartanyar. A can ma maza biyu suka cafke tsohon suka ja shi baya.

Daga nan Mdakeni ya ɓalle.

Ta ja jiki da baya, ta miƙe ta gudu, ta juyo, ta sake gudu, don gaɓar na bin ta tana ruftawa, gunduwa gunduwa masu girman ɗaki, suna faɗawa ba a ko jin ƙararsu cikin rurin. Ruwan kwana biyar, na tuddai bakwai da ƙoramunsu, ya taso gaba ɗaya yana neman ƙofa guda. A tsakiyar mashigar ya yi santsi ya kumbura kamar bayan bijimi, sannan ya karye ya tashi tudu tudu, taguwar ruwa uku a jere, kowace ta fi mutum tsawo, suna tsaye wuri ɗaya ba sa gaba ba sa baya, ruwa na ratsa su da gudun da ido ba ya iya bi. Ƙasa na rawa. Ba a kunne take jin ƙarar ba, a ƙirji take jin ta, da haƙora. Ta ga kututturen bishiya da maza shida ba za su ɗaga ba ya zo ya wuce kamar tsinke. Ta ga tsibirin kyauro sukutum ya taho yana juyawa, da farin zalɓe tsaye a kai, sai da ya kai bakin taguwar sannan ya buɗe fiffike ya tashi.

Teku kuwa, wadda ta saba ita ke turo kowa, yau ita aka tura. Jan ruwan ya kutsa cikinta ya yanka ta biyu, ya danne taguwarta, ya yi ta tafiya yana buɗewa har inda ido ya gaza. Tsuntsaye suka taru a sama ɗari bisa ɗari suna faɗowa. Kifaye na tsalle suna walƙiya a rana.

Sau goma sha uku tana ganin buɗe baki, amma kullum daga nesa, daga bayan mata, da goyo ko da tulu. Ba ta taɓa tsayawa kusa haka ba, ita kaɗai, ba kuma ta taɓa zama wadda ta sara ba. Tsigar jikinta ta tashi. Ta dubi hannayenta, ta dubi kogin da yanzu ya fi filin ƙwallo faɗi, ta kasa haɗa su. Wannan ne abin da ke kwance shiru a gonarta tana shiga cikinsa har cinya? Wannan ne ta so a sake tun ran Litinin, kamar ana kwance akuya? Tsoro ya kama ta, da wani abu da ya fi tsoro daɗi, har ta ji hawaye na bin fuskarta ba ta san na mene ne ba. A can ƙetare mutanen gari sun yi cirko cirko, ƙanana, ba mai motsi. Zithulele ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Nowinile ce ta fara farfaɗowa. Ta hau tudu tana ɗaga hannu, ta nuna yatsa uku, ta dafa ƙirjinta, ta yi alamar kai loma baki. Yaran suna wajenta ke nan. Nofezile ta ɗaga hannu ta amsa. Babu mai haye wannan ruwa yau, ko gobe, gada kuwa tafiyar yini ce cikin tuddai.

Ta hau dutsen ƙetare ta zauna a inda ake ganin kwarin duka. Wata tsohuwa daga gidajen wajen, wadda ta fito kallo, ta zo ta zauna kusa da ita ta miƙo mata ƙwaryar kindirmo.

"Ke ce ta gidan Dumile, mai murya?" in ji ta. "Sha. In dare ya yi akwai tabarma. Ba ke ce kika fara kwana a nan saboda suruki ba."

Nofezile ta karɓa ta riƙe, ba ta sha ba. Idonta na kan ɓauren.

Kwarin ya yi ta sauka. Shingaye suka fito, sannan dutsen wanki, sannan hanyar shanu. Da rana ta karkata, tafkin jiya ya koma laka mai sheƙi, kogi na gudu a tsakiya cikin tsohuwar hanyarsa. Gari ya watsu cikin lakar da kwanduna da buhuna ana tsintar kifin da ruwa ya bari, ana ihu ana zamewa. Gonarta ta fito daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, kuma duk a kwance. Jan ruwan ya kwantar da masarar gaba ɗaya ta fuskanci teku, laka ta shafe ta, babu kore ko ɗaya. Daga inda take ba ta iya sanin mai rai da matacce. Masarar da ta kwanta cikin laka kuwa, in ba a tayar da ita a ranar ba, ko mai ran ma ruɓewa take yi. Ga ta nan zaune, hannu biyu lafiya lau, kogi a tsakani.

Sai ta ga mutum ɗaya ya bar masu kifi ya nufi wajen kyauro. Tafiyarsa ta isa ta gane shi. Ya ajiye bargo a kan shinge, ya naɗe wando, ya shiga lakar, tana kama shi har ƙwauri.

Ya tsaya a layin farko, ya sunkuya ya taɓa gindin kara ɗaya, ya saki, ya wuce. Layi na biyu ma haka. Na uku ko sunkuyawa bai yi ba. Ta gane abin da yake yi, wanda saiwarsa ta ruɓe yake tsallakewa, ta fara ƙirgawa da shi, leɓenta na motsi. Bakwai. Takwas. A na goma ya zame ya faɗi kan gwiwar nan mai ciwo, ya daɗe a haka kafin ya dafa ƙasa ya tashi. Sha biyu. Sha uku. Ta ajiye ƙwaryar a kan dutsen. Sha huɗu.

A layi na goma sha biyar ya sunkuya ya daɗe. Ya kama karan da hannu biyu ya ɗaga shi a hankali, ya tara laka a gindinsa da ƙafa, ya danna, ya share ganyen da tafin hannu. Ya saki.

Karan ya tsaya.

Ya matsa ga na kusa da shi, ya tayar, shi ma ya tsaya. Layi ashirin da biyu ke gabansa, kowane da kara fiye da ɗari, rana kuma ta yi ƙasa. Mutumin da ko kwanon abincinsa ba ya ɗauka da kansa, bai ɗaga kai ya nemi mai taya shi ba.

Nofezile ta miƙe ta zo bakin dutsen, ta haɗa tafukanta a baki.

"Tata!" ta kira, da duk ƙarfinta. "Tata!"

Rurin kogin ya haɗiye muryar tun kafin ta kai rabin hanya. Tsohon ya ci gaba da aikinsa, ya gama kara na shida ya kama na bakwai.